Salsalar Tsuntsaye da Matsalar Raɗa wa Rukunoninsu Suna

Wanda ya ga balbela da shamuwa suna kiwo a fadama ɗaya zai rantse 'yan gida ɗaya ne: ga dogayen ƙafafu, ga dogon wuya, ga baki mai tsini. Masana ma haka suka ɗauka fiye da ƙarni guda, suka haɗa su a rukunin Ciconiiformes. Da aka auna ƙwayoyin gadonsu, sai ta bayyana balbela ta fi kusa da kwasakwasa. Aka kwashe ta da danginta zuwa Pelecaniformes, aka bar shamuwa da nata.

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da ke jawo irin wannan sauyi. Tsarin sunayen dabbobi na kimiyya ya soma ne daga bugu na goma na Systema Naturae, wanda Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 1758. A nan jimina ta sami sunan da take amsawa har yau, Struthio camelus. Sai dai shi Linnaeus siffar baki da ta ƙafa ya duba wajen kasa tsuntsaye, kuma kama da wane ba ta wane. A 1950 Bajamushe Willi Hennig ya kawo ƙa'idar da ake bi yanzu: rukuni bai cancanci suna ba sai ya ƙunshi kaka guda da zuriyarsa kaf. Bisa wannan ma'auni tsuntsaye reshe ne na dabbobin dainoso, kuma kada ya fi kusa da tattabara a kan ƙadangare.

Manyan rassan bishiyar salsalar tsuntsaye ba su da gardama. Na farko shi ne na jimina da 'yan uwanta. Na biyu ya haɗa kaza da zabo da agwagwa. Na uku, Neoaves, ya kwashe kusan kashi 95 cikin ɗari na tsuntsayen duniya, kuma a cikinsa rikicin yake.

Binciken Shannon Hackett da abokan aikinta na 2008 ya nuna shahon da ake kira Falco ya fi kusa da aku da ƙananan tsuntsaye masu waƙa, ba da shirwa da ungulu ba. Ƙumba da lanƙwasasshen baki kayan sana'ar farauta ne kawai, kowane ɓangare ya same su ta hanyarsa. Ita ma kimiyyar gadon takan yi tuntuɓe: a 1990 Charles Sibley da Jon Ahlquist sun jingina ungulayen nahiyar Amurka da shamuwa, bincike na baya ya rushe wannan.

Me ya sa gindin Neoaves ya ƙi warwaruwa? Galibin rassansa sun rabu ne cikin ƙanƙanen lokaci, daidai zamanin da sauran dainoso suka ƙare, shekara miliyan 66 da suka wuce. Rabuwa mai sauri ba ta barin isasshiyar alama a ƙwayoyin gado, don haka wani sashe ya nuna wannan dangantaka, wani ya nuna waccan. An gwada nau'i 48 a 2014, da 198 a 2015, da 363 a 2024, amma bishiyoyin da suka fito ba su zo ɗaya ba a wurare da dama. Hoatzin, tsuntsun Kudancin Amurka mai cin ganye, kusan kowane bincike da inda yake ajiye shi.

Akwai kuma giɓi a doka. Kundin ƙa'idojin sunayen dabbobi na duniya yana fifita sunan da aka fara raɗawa, amma ikonsa ya tsaya a matakin dangi, masu ƙarewa da -idae. Manyan rukunoni masu ƙarewa da -iformes ba su da irin wannan alƙali, ga shi jerin sunayen da masana ke aiki da su sun daɗe suna saɓa wa juna. Sai a 2025 aka fitar da AviList, jeri ɗaya mai nau'i sama da 11,000. Hakan ya rage ruɗani a takarda, amma bai warware gindin Neoaves ba.