Tarihin Tambayar "A Ina Nake?" a Zuciyar Linux

Kwamfutocin farko ba su san katsewa ba. Idan masarrafi yana jiran na'urar karanta kati, sai ya yi ta leƙawa ko ta gama. A shekarun 1950 aka juya lamarin: na'urar ce za ta aiko da sigina, masarrafi ya ajiye abin da ke hannunsa, ya biya mata buƙata, sannan ya koma. Wannan ake kira katsewa. Ana ambaton UNIVAC 1103 ta Amurka a sahun gaba, kuma a kan wannan matsala, a kwamfutar X1, Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya rubuta kundin digirinsa na dakta a 1959.

Tun daga nan aka gaji doka guda: manhajar da ke amsa katsewa ba ta barci. Aiki na yau da kullum, idan yana jiran wani abu, ana iya kwantar da shi a ba wani dama. Mai amsa katsewa kuwa ba shi da mazaunin kansa, ya faɗo ne a kan duk aikin da ya tarar, kamar baƙon da ya yi sallama ana tsakiyar cin abinci. Idan ya ce zai jira, babu abin da mai rabon lokaci zai ajiye ya dawo masa daga baya, sai kwamfuta ta sandare. To amma direba, wato manhajar da ke tuƙa na'ura, sau da yawa tana da aiki guda da ake kira daga ɓangarorin biyu. Ta yaya wannan aikin zai san inda yake?

Unix a kan PDP-11 ta dogara da matakan fifiko na masarrafin, ta umarnin spl. Windows NT, wadda Dave Cutler ya jagoranta ta fito a 1993, ta mai da matakin abin da direba ke iya tambaya, ta KeGetCurrentIrql. Duk wanda shuɗin allo ya taɓa nuna masa IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, keta wannan iyaka ya gani.

Linux ta fara da ƙidaya guda mai suna intr_count, wadda ke ƙaruwa idan an shiga katsewa, ta ragu idan an fita. Da kwamfutoci masu masarrafi fiye da ɗaya suka yawaita, ƙidaya ɗaya ta kasa, sai aka ba kowane masarrafi tasa, in_interrupt() ta zama hanyar tambaya. A 2002 aikin Robert Love ya shiga, wanda ya ba da damar karɓe masarrafi daga aiki ko da yana cikin zuciyar manhajar, kuma a shekarar Ingo Molnar ya tattara ƙidayoyin katsewa cikin lamba guda, preempt_count.

A nan ne ɓarnar ta samo asali. Tambayar ta yi sauƙi, sai masu rubuta direbobi suka mai da ita sandar dogarawa. Idan in_interrupt() ta ce eh, su nemi ma'adana da GFP_ATOMIC, wadda ba ta jira. Idan ta ce a'a, su yi amfani da GFP_KERNEL, wadda ke iya barci. Alhali abin da suke son sani shi ne ko barci ya halatta, kuma ba wannan aka gina ta ta amsa ba. Wanda ke riƙe da makullin spinlock, ko ya kashe katsewa, ba ya cikin katsewa, amma barci haramun ne gare shi. Ta ɗaya gefen kuma, tana cewa eh ga aikin da kawai ya dakatar da katsewa masu laushi. Waɗanda suka gudu zuwa wata hanyar tambaya, in_atomic(), ma ba su tsira ba, domin a zuciyar da aka gina ba tare da ƙidayar karɓe masarrafi ba, ba ta ganin makullin da aka riƙe. Jonathan Corbet ya yi bayanin wannan a mujallar LWN a 2008.

Abin da ya tilasta gyara shi ne aikin PREEMPT_RT, na masu buƙatar amsa a kan ƙayyadadden lokaci. Tun fitowar Linux 2.6.30 a 2009 ana iya gudanar da mai amsa katsewa a matsayin aiki mai zaman kansa, don haka tsohuwar amsa ta ƙara rasa ma'ana. A 2020 Thomas Gleixner da Sebastian Andrzej Siewior da abokan aikinsu suka bi direbobi ɗaya bayan ɗaya suna cire in_interrupt(), bisa matsayin Linus Torvalds, jagoran Linux, cewa a raba aikin gida biyu, ko kuma mai kira ya faɗi halin da yake ciki. PREEMPT_RT ta shiga babban reshen Linux a fitowar 6.12 a 2024.

Ina ganin matsayin Torvalds shi ne daidai, domin mai kira ne kaɗai ya san makullan da ke hannunsa. Ɗalibin da ke koyon rubuta direba, ka bar mai kiranka ya miƙo maka alamar GFP, ka sa might_sleep() a duk inda barci zai yiwu, ka kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP lokacin gwaji domin kuskure ya fito fili tun a teburinka.