Kafin A Haƙa Harsashi, A Tambayi Ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake haƙa harsashin gini a ƙasar Rogo ko Karaye, zai yiwu ya ga lebura ya tono tsingaron tukunya ko kashin maƙera, ya watsar gefe. A wurinsa shara ce. A wurin masu binciken kufai kuwa, shaida ce ta cewa wasu sun zauna a nan tun kafin a fara rubuta tarihi.

An taɓa yi wa irin wannan shaida gata a ƙasar nan. Lokacin da za a gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, an san tafkin zai haɗiye garuruwa, har da tsohuwar Bussa. Don haka tun a farkon shekarun 1960 wani masani, Robert Soper, ya zaga yankin yana rubuta kufai da tuddai. Daga baya wasu masana suka biyo da tono.

Yadda suke yi kuwa ba wuya. Za su taka filin a ƙafa suna tsintar tsingaro. Inda ya yi yawa, sai su yanka ɗan rami mai kusurwa huɗu, su riƙa kwashe ƙasa hawa-hawa suna tankaɗewa, domin abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Gawayin da suka samu shi ake kaiwa ɗakin gwaji a auna shekarunsa.

A wani tudu kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, an samu tukwane da kayan ƙarfe da 'yan mutum-mutumi na yumɓu. Awo ya nuna an zauna a wurin daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 Miladiyya. Da an yi jinkiri, da shi ke nan, don in ruwa ya zube ba ya kwasuwa.

To, mai karatu, mu ma a Karaye muna da madatsar Challawa tun 1992, kuma gine-gine sai cin gonaki suke yi. Marubutanmu da 'yan fim kullum kukansu ba su san yadda kakanninmu suka rayu ba. Amsar tana ƙarƙashin fulotinka. Idan ka ga tsingaro ya yi yawa, dakata, ka sanar da Gidan Makama a Kano kafin a zuba kankare.