Buɗaɗɗun Manhajoji da Tsawon Ran Kwamfuta: Nazari a kan Yagwa da Arewacin Kamaru

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin buɗaɗɗun manhajoji, musamman Linux da LibreOffice, a makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu na Yagwa da sauran arewacin Kamaru. Ta nuna cewa hujjar araha, wadda aka fi kafawa, ba ta da ƙarfi a wurin da kwafin sata ya zama ruwan dare. Abin da ya fi nauyi shi ne tsawon ran na'ura da kuma ikon mutum a kan takardunsa.

Gabatarwa

Yagwa, wanda takardun hukuma ke rubutawa Yagoua, shi ne babban garin gundumar Mayo-Danay a yankin Arewa Mai Nisa, kusa da kogin Logone, daura da Bongor ta ƙasar Cadi. Gari ne na noman shinkafa, a nan hedikwatar kamfanin SEMRY take tun 1971. Wutar lantarkin arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kusa da Garwa, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya a madatsar, ɗaukewar wuta kan ƙaru. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. A irin wannan yanayi kwamfuta kadara ce da ake lallaɓawa, mafi yawanci ma ta hannu ce, ta riga ta yi shekaru a wani ofis na Turai kafin ta iso. Duk wata magana a kan manhaja dole ta faro daga nan.

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun asalinta, lasisinta kuma ya yarje wa kowa ya yi amfani da ita, ya kwafa, ya gyara, ya rarraba. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, LibreOffice kuma ta ɓalle daga OpenOffice a 2010.

Raunin hujjar araha

A takarda, lissafin a fili yake. Lasisin Windows 11 na gida yuro 145 ne a Faransa, wato kimanin sefa 95,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a Kamaru a 2023 bai wuce sefa 60,000 a wata ba, a fannin noma ma 45,000 ne. Sai dai wa ke biyan wannan kuɗin? Mai gyaran kwamfuta a kasuwa yakan sa wa mutum Windows da Office daga filasha guda, ya karɓi ladan hannunsa kawai. Ga mai shago, manhajar kamfani da buɗaɗɗiya duk kyauta ne, kuma ya riga ya saba da ɗaya. Wanda ya je masa da zancen araha ya zo da maganin ciwon da ba ya damunsa.

Kuɗin yana fita ta wata kafa. Kwafin da aka fasa makullinsa sau da yawa akan toshe masa sabuntawa don kada kamfani ya gano, shi ma abin fasa makullin yakan zo da cuta a cikinsa. Duk mai zuwa shagon buga takardu ya san alamar: ɗalibi ya miƙa filasha, a buɗe, sai a tarar manyan fayilolinsa sun koma gajerun hanyoyi marasa komai, kundin da ya yi wata uku yana rubutawa ya ɓuya. Filashar nan za ta shiga shago na biyu da na uku da cutar a jikinta. Irin wannan cuta don Windows aka rubuta ta, ba ta tashi a kan Linux.

Ran na'ura

Misali mafi ƙarfi shi ne kwamfutocin PB Hev. A 2016 gwamnatin Kamaru ta sanar da shirin raba kwamfutocin hannu 500,000 ga ɗaliban manyan makarantu, da bashin sefa biliyan 75 daga bankin Exim na ƙasar Sin, aka fara rabon a ƙarshen 2017. Na'urorin sun zo da Windows 10, ƙwaƙwalwar aiki gigabait 2, ma'ajiya gigabait 32. Tun a lokacin aka yi ta ƙorafi a kan ƙanƙantar ma'ajiyar, kuma ƙorafin yana da tushe, domin Windows kanta ke cinye mafi yawan wurin, har babbar sabuntawa ta rasa inda za ta sauka. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adi na tsaro ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuwa tana buƙatar aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwa, da 64 na ma'ajiya, da guntun tsaro na TPM 2.0. Ke nan babu PB Hev ko ɗaya da za ta haye a hukumance. Haka abin yake ga dubban kwamfutocin hannu da na tebur da aka ƙera kafin 2018, waɗanda su ne ke cike da ɗakunan koyon kwamfuta na sakandare. Allonsu lafiya, madannansu lafiya, amma wani kamfani a Amurka ya yanke cewa zamaninsu ya wuce. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Nau'o'in Linux marasa nauyi, irin su Lubuntu ko Debian mai fuskar Xfce, suna tafiya a kan gigabait 2, suna samun gyaran tsaro ba tare da sharaɗin sayen sabuwar na'ura ba. Ga makarantar da ke da kwamfuta ashirin kuma ba ta da kasafin maye gurbinsu, ƙarin shekara huɗu ko biyar a ran kowace ɗaya ya fi duk wani rangwamen lasisi daraja.

Takardu ma suna da rai. Rajistar manoma da filayen shinkafa, sakamakon jarrabawa, takardun haihuwa na ƙaramar hukuma, duk abubuwa ne da za a nema bayan shekara talatin. Tsarin ODF da LibreOffice ke ajiya da shi ya zama ƙa'idar duniya a 2006, bayaninsa a buɗe yake, kowa na iya rubuta manhajar da za ta karanta shi. Ambaliyar 2024 ta nuna wa Yagwa yadda takardar da ke cikin kabad ke salwanta. Wajibi ne kwafinta na kwamfuta ya kasance a siffar da buɗe ta bai rataya a kan biyan kuɗin shekara ba. Akwai kuma batun haruffa. Fulatanci, wanda shi ne harshen kasuwa a yankin, da Hausa, suna buƙatar ɓ da ɗ da makamantansu, Linux kuwa tana zuwa da tsarin madannai na harsunan Kamaru da na Hausa a cikinta, sai dai a zaɓa.

Sukar da ake yi

Suka ta farko ita ce kasuwar aiki Word da Excel take tambaya, don haka koya wa yaro wani abu daban cutar da shi ne. Akwai gaskiya a ciki. Takardar da aka tsara da Word takan zame idan aka buɗe ta a LibreOffice, shafi ya ƙaru, jadawali ya karkace, mai shago kuma ba zai yi asarar takarda da tawada don aƙida ba. Amma yawancin zamewar daga rashin nau'in rubutu take, kuma akwai Carlito da Caladea da Liberation, waɗanda aka auna su daidai da Calibri da Cambria da Arial da Times New Roman. Abin da za a buga kawai kuwa, PDF ya isa. Game da koyarwa, yaron da ya fahimci yadda ake haɗa lissafi a gidajen jadawali zai yi shi a kowace manhaja. Wanda aka haddasa wa wurin maɓalli shi ne ke rikicewa da zarar kamfani ya sauya fuskar manhajarsa. Inda sukar ta tsaya daram shi ne manyan fayilolin Excel masu umarni na musamman da wasu manhajojin lissafin kuɗi, kuma ofishin da ya dogara da su ya kamata ya bar wasu na'urori a kan Windows mai lasisi.

Suka ta biyu takan kawo birnin Munich na Jamus, wanda ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux zuwa 2013, sannan majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017. Ya kamata a ajiye wannan kusa da jandarmomin Faransa, waɗanda suka fara da OpenOffice a 2005 a kan Windows ɗin da suka saba da ita, sai daga 2008 suka shiga sauya tsarin gaba ɗaya zuwa nau'insu na Ubuntu, kuma suna kansa har yau. Jihar Kerala ta Indiya ta bi ta makarantu, ta horar da malamai da kansu. A ganina darasin yana cikin jeri: manhajar ofis tukuna, tsarin kwamfuta daga baya, horo kuma kafin duka biyun. Kamaru ma ba baƙuwa ba ce a nan, tun da ma'aikatar lafiya tana tattara alƙaluman gundumomin lafiya da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhaja daga Jami'ar Oslo.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, kuma ta shafi Yagwa kai tsaye: wa zai gyara? Wasu firintoci ba su da direban Linux mai kyau, ƙananan na'urori masu araha sukan ba da wahala wajen sauti da haɗin intanet, sabuntawa kuma tana cin data. Matsalar data tana da sauƙi, domin ana iya sauke fakitoci sau ɗaya a raba wa ɗaki guda ta filasha ko ƙaramar uwar garke, kamar yadda Kiwix ke kai Wikipedia inda babu intanet. Ta mai gyara ce ke buƙatar hukuma. Muddin mai gyara a kasuwar Yagwa Windows kaɗai ya iya, duk kwamfutar Linux da ta sami matsala za ta dawo daga hannunsa da kwafin sata. Jami'ar Marwa, da aka kafa a 2008, tana da babbar makarantar horar da malamai da ta fasaha, Jami'ar Garwa kuma an kafa ta a 2022. Malaman kwamfuta da ake turawa sakandaren Mayo-Danay daga irin waɗannan makarantu suke fitowa, kuma su ne za su iya zama da masu gyaran kasuwa su nuna musu yadda ake girka Debian, a saita firinta, a ceto fayil daga filasha mai cuta, aikin da mai gyara zai karɓi lada a kansa kamar yadda yake karɓa yanzu.