Zawarawan Mando

'Yar'uwa, in kin taɓa hawa motar Birnin Gwari zuwa Kaduna, kin san sai an ratsa daji, a wuce Udawa da Buruku, kafin a faɗo Mando. To a nan Mandon sansanin alhazai yake. Masu niyyar zuwa Makka aka gina wa shi, amma a shekarar 2011 sai ya cika da mata da yara waɗanda ba su da niyyar zuwa ko'ina. Ga yadda aka yi suka zo.

A wancan lokaci jam'iyyar CPC jaririya ce, ko shekara biyu ba ta cika ba. Ba ta da gwamna ko ɗaya, ba ta da kuɗin rabo. Abin da take da shi Janar Muhammadu Buhari ne da samari. 'Yan acaɓa, 'yan kamasho, masu sayar da rake, ɗalibai, su suka ɗauki jam'iyyar a kai. Daga Kaduna har ƙauyukan gefen dajin Kamuku, yaro zai sayi hoton Janar da kuɗin guminsa ya liƙa a babur, ba wanda ya ba shi sisi. Alamarta alƙalami, kirarin ɗan takararta Mai Gaskiya. An taɓa kayar da shi a 2003 da 2007, su kuma sun yi imani maguɗi aka yi, shi ya sa kullum maganarsu ita ce a kasa, a tsare, a raka.

Ni dai ban ga laifin wannan ba. Yaron da ya tsaya a rana yana gadin ƙuri'arsa ya fi wanda ya sayar da ita a kan sabulu. Matsalar ita ce guguwa ce ba mai linzami. Akwai mai cewa a fito, babu mai cewa a koma gida a ji maganarsa.

Aka yi zaɓe ranar Asabar, 16 ga Afrilu. Buhari ya ci jihohi 12 na Arewa, har da Kaduna. A unguwanni an ƙirga a gaban kowa, an ga Janar ya yi rinjaye, har an fara murna. Sai sakamakon Kudu ya fara shigowa ta rediyo. A ƙarshe hukumar zaɓe ta Farfesa Attahiru Jega ta ce Goodluck Jonathan ya samu ƙuri'u sama da miliyan 22, Buhari kuma miliyan 12 da 'yan kai. Wanda duk layinsu mutum ɗaya aka zaɓa, ta ina za ki fahimtar da shi cewa ƙasar ta fi layinsu faɗi?

Kafin ma a gama sanarwa wuta ta tashi. Da farko gidajen manyan PDP aka nufa, har da gidan su mataimakin shugaban ƙasa Namadi Sambo a Zariya. Daga nan abin ya juye ya zama na addini. Aka ƙona coci-coci da shagunan Kiristoci a garuruwan Arewa, aka kashe mutane. A Bauchi an kashe 'yan bautar ƙasa goma, yaran da aikin zaɓe kawai aka ba su. A kudancin Kaduna kuma aka huce a kan Musulmi, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, inda kasuwa ta ƙone ƙurmus. Gwamna Patrick Yakowa ya sa dokar hana fita dare da rana, aka ɗage zaɓen gwamna zuwa 28 ga wata. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku, akasarinsu a jihar Kaduna, wasu 65,000 kuma suka rasa matsuguni.

A Zonkwa maza aka fi kashewa. Matan da suka tsira, da goyo a baya da zanen da ke jikinsu, su aka kwaso aka kawo Mando. Wata ba ta ga gawar mijinta ba. Wata mijin da ɗan fari rana ɗaya suka tafi. Ki tuna fa, yawancinsu a can aka haife su, can kakanninsu suka yi kasuwanci, ba su da wani garin da za su ce nasu ne su koma. Kuma ba su suka ƙirga ƙuri'a ba, ba su suka kunna taya a titi ba.

Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Shehu Ahmed Lemu, ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba. CPC ta kai ƙara, shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa Jonathan kujerarsa ranar 28 ga Disamba, 2011. Samarin nan kuwa sai da suka jira shekara huɗu, a 2015 Janar ɗinsu ya ci, Jonathan ya buga masa waya ya taya shi murna, ba a ƙona gidan kowa ba.

Su kuwa matan Mando, a tsakar sansanin suka yi takaba, wata huɗu da kwana goma, suka fita cikin watan azumi. Ranar da kotu ta yanke hukunci suna nan a sansanin, suna bin layin ɗiban ruwa, motocin Birnin Gwari na wucewa ta bakin titi.