"MUTANE NE SUKA YI YAWA" BA UZURI BA NE

Jiya tun bayan isha'i har ƙarfe ɗayan dare ina zaune da ƙanwata muna fama da fom ɗin neman gurbin karatu a wani shafi da ba zan kama sunansa ba. An cire kuɗi, shafi ya yi ta juyawa, ƙarshe ya watso mu waje. Gobe kuma ake rufewa. Da safe sai ga sanarwa wai a yi haƙuri, mutane ne suka yi yawa. Wannan maganar ce ta sa ni rubutun nan, don aikina ke nan, na kuma san cunkoso abu ne da ake gwadawa tun kafin jama'ar su iso. Dabarar ma ta girmi yarinyar.

Ku ba ni aron hankalinku mu koma Amurka, watan Oktoban 1986. Akwai layin sadarwa tsakanin cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar yadi 400 kacal. Kwatsam gudunsa ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40. Waya ba ta tsinke ba, na'ura ba ta ƙone ba. Van Jacobson ya bi diddigi, ya gano cewa duk kwamfutar da ta tura saƙo ta ji shiru sai ta sake turawa, sai hanya ta cika da maimaici. Irin abin da ni da ƙanwata muka yi ta yi jiya ke nan, muna danna maɓalli ɗaya sau goma. A 1988 shi da Craig Leres da Steven McCanne suka rubuta tcpdump, manhajar da ke kasa kunne a kan layi tana naɗe kowane ƙullin saƙo: daga ina ya fito, ina za shi, a wane lokaci.

Bayan shekara goma Gerald Combs, ma'aikaci a wani ƙaramin kamfanin intanet, ya ga na'urorin da ke wannan aiki sun fi ƙarfin aljihunsu, sai ya rubuta tasa ya sake ta kyauta da sunan Ethereal. A 2006 da ya sauya wurin aiki sunan ya zauna a hannun tsohon kamfanin, shi ya sa ta koma Wireshark.

To amma saurare daban, gwaji daban. Idan har za a iya naɗe hirar burauza da sabar, ai za a iya sake kunna ta. A kan haka kamfanin Mercury Interactive ya yi suna da LoadRunner a shekarun 1990. Mutum ɗaya zai zauna ya buɗe shafi, ya shiga da kalmar sirri, ya cike fom, ya biya, manhaja na naɗewa. Sai a mayar da naɗin rubutaccen umarni, a ce wa kwamfuta ta maimaita shi kamar mutum dubu goma ne a lokaci guda, a zuba ido a ga inda zai fara tsagewa.

Ba wai danna-ka-tafi ba ne, a nan gumin yake. Duk wanda ya shiga, sabar na ba shi wata lamba ta wucin gadi, kamar lambar layi a banki. Idan ka sake kunna naɗin jiya da lambar jiya, korar ka za a yi daga bakin ƙofa. Dole ka bi umarnin layi-layi ka koya masa ya karɓi sabuwar lamba kowane zagaye, ka ba kowane mutumin bogi sunansa daban, ka sa masa ɗan jinkiri irin na mai neman takardarsa a jaka. Na taɓa kwana biyu ina murnar gwaji ya yi kyau, ashe duk mutanen bogina shafin "ba a gane ka ba" suke samu, shi kuwa nan take yake buɗewa. Bayan an ƙaddamar kuma, wannan umarnin ake bari yana shiga duk bayan 'yan mintoci daga garuruwa daban-daban, in biya ya fara jan ƙafa injiniya ya sani kafin jama'a su fara zagi.

Tsada? Da can, ƙwarai. HP ta sayi Mercury a 2006 kan dala biliyan 4.5. Amma JMeter kyauta ce tun 1998, Selenium ma da Jason Huggins ya fara a 2004 kyauta ce. Sunan nata ma habaici ne: mercury zaiba ce, selenium kuwa sinadari ne da ake cewa yana karya dafinta.

Kada wani ya ce matsalar baƙar fata ce. Ranar 1 ga Oktoban 2013 gwamnatin Obama ta buɗe HealthCare.gov, shafin inshorar lafiya. Takardun da majalisarsu ta fitar daga baya sun nuna mutum shida suka kammala rajista a ranar farko. An yi gwajin kafin buɗewa, shafin ya durƙushe da mutanen bogi 'yan ɗaruruwa, aka buɗe shi a haka. Wannan ya fi ci mini rai: gwaji ya faɗi gaskiya, masu sa hannu suka kau da kai. Mu ma a gida, da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023 ya ƙi hawa IReV a kan lokaci, bayanin farko da INEC ta bayar shi ne matsalar faɗaɗa shafin daga zaɓen jiha guda zuwa na ƙasa baki ɗaya. Ban shiga siyasarsa ba, kowa da abin da ya yarda da shi. Amma yawan rumfunan zaɓe ba gaibu ba ne, an san shi tun kafin ranar.

Haka masu fom ɗin jiya. Sun san ranar rufewa tunda su suka sa ta, sun san mutum nawa suka nema bara. Tambayata gare su: da mutum nawa kuka gwada, kuma daga ina? Don gwaji daga ofis mai kebul a Legas bai ce komai ba game da ɗalibar da ke ƙauye da waya mai sanda biyu.

Mun sa ƙararrawa ƙarfe ukun dare, lokacin da jama'a suka yi barci. Rasit ɗin cirar kuɗin na ajiye hotonsa.