Asalin Kalmar Anjina

Kalmar anjina, wadda da ita likitoci ke kiran ciwon ƙirjin da ke tasowa idan jini bai wadaci tsokar zuciya ba, ta fito ne daga kalmar Latin angere, mai nufin shaƙewa. A da, kumburin maƙogwaro mai toshe numfashi ake kira da ita, har sai a 1768 da likitan Ingila William Heberden ya haɗa ta da pectoris, wato na ƙirji, saboda matsin da majiyyaci ke ji. Yawanci kitse ne ke ƙuntata jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, kuma ciwon ya kasu uku: mai zuwa lokacin aikin ƙarfi ya lafa da hutu, da mai afkowa ko ana zaune, wanda ke bukatar asibiti cikin gaggawa, da na Prinzmetal, inda jijiyar kanta ke tsukewa. Ana kwantar da shi da naitirogilisarin, maganin da ake sanyawa ƙarƙashin harshe ya buɗe jijiyoyi, wanda likita William Murrell ya gabatar a 1879, yayin da asfirin ke hana jini yin gudaji.