Daga Kainji zuwa Kumbotso: Hanyar da Wuta ta Biyo

Har yau a unguwanninmu, da ƙwan fitila ya kama sai yara su kaure da ihun "Nepa!", alhali hukumar mai wannan suna ta daɗe da shuɗewa. Ni malamin fiziks ne a sakandare, kuma ina son ɗalibaina su san hanyar da wutar nan ta biyo, domin a cikin tarihinta ne lissafin da nake ba su aikin gida yake fitowa fili.

A Legas aka fara kunna lantarki a Nijeriya, a 1896. A Arewa kuwa, kuza ce ta jawo shi da ƙarfinsa. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya tare ruwan Kurra a tsaunukan Jos don injinan masu haƙar kuza. Sauran manyan garuruwa kowanne da ɗan injinsa, yana haska bariki da ofisoshi, talaka kuma yana tare da acibalbal da fitilar ƙwai. A 1950 aka kafa hukumar ECN don ta haɗa ragamar a hannu ɗaya.

Babban sauyi ya zo da madatsar Kainji a kan kogin Kwara, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwanta ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutanensa zuwa Sabuwar Bussa. Haskenmu bashi ne da muka ci a hannunsu. A 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Kwara, NEPA ta fito. Ita ma ta koma PHCN a 2005, sannan aka sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013.

To amma tsakanin Kainji da Kano akwai ɗaruruwan kilomitoci, kuma duk wayar da wuta ke bi sai ta ɗau zafi. Wannan zafi asara ce, wuta ce da ta ƙare a hanya. Wani Baturen Ingila, James Joule, ɗan garin Salford, shi ya auna abin a farkon shekarun 1840. Ya gano cewa idan wutar da ke kwarara a waya ta ninka biyu, zafin ninki huɗu yake yi. Idan ta ninka uku, ninki tara.

Da wannan ƙa'ida injiniyoyi suka yi dabara. Idan aka ɗaga ƙarfin turin wuta sau goma, kwararar da ake buƙata takan ragu sau goma, asara kuma ta ragu sau ɗari. Shi ya sa manyan turakun ƙarfe ke ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 330,000 ta Mando a Kaduna har Kumbotso a Kano. Daga nan taransifoma ke sauke ta mataki-mataki: 132,000, sai 33,000, sai 11,000, har ta shigo ɗaki da bolt 230 ko kusa da haka. Da irin wannan dabara wuta ke ƙetarawa daga Birnin Kebbi zuwa Yamai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙa'idar da muka kiyaye a doguwar hanya muna yin watsi da ita a bakin ƙofa. Mutum zai jona hita da dutsen guga da tukunyar lantarki a kan siririyar waya ɗaya. Kwarara ta ninka uku, zafi ya ninka tara, roba ta narke, shago ya kama, maƙwabta su tafka asara. Wannan lissafi bai kamata ya tsaya a ajin kimiyya ba. Yaron da ke koyon haɗa wuta a hannun ubangidansa ya fi kowa buƙatarsa, domin shi ke zaɓar kaurin wayar da iyali za su kwana a ƙarƙashinta.